Taransfo mai ɗaga wuta: mai naɗi ɗaya ko mai naɗi biyu, kuma ina za a ɗaure wayar ƙasa?

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ya kai intaha a Tawa, kowa ya kunna fanka da firigo da kilim a lokaci guda, wutar da ke isa unguwannin ƙarshen layi takan yi rauni. A ƙa'ida wutar NIGELEC, kamfanin wuta na Nijar, volt 220 zuwa 230 ce a faz ɗaya, wato waya ɗaya mai ɗauke da wuta, 380 zuwa 400 a faz uku, amma mai sana'ar ƙanƙara da ke nesa da taransfon unguwa yana iya aunawa ya ga 170, ko ma 160. Injin firigo ya yi ta gurnani ya kasa tashi. A nan maganar sayen taransfo mai ɗaga wuta ke tasowa. Wasu kuma dalilinsu daban ne: mai garejin da ya sayo gurup, wato janareta, mai ba da volt 220 a faz uku, alhali injinansa na 380 ne, ko mai garkar albasa a yankin Galmi ko Ƙwanni da pamponsa ke can nesa, wuta tana zubewa a hanya kafin ta kai.

Yawanci tambaya biyu ake yi wa mai kaya: kVA nawa ne, wato girman ƙarfinsa, kuma nawa ne kuɗinsa. Tambayar da ta kamata ta zo gaba da su ita ce: naɗin wayar da ke cikinsa ɗaya ne ko biyu? Amsarta ce ke nuna inda za a ɗaure wayar ƙasa, da irin disjonktar da za a saka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa idan amper ya wuce ƙima, da kuma ko diferansiyel ɗin gidan, mai yanke wuta idan ta zurare zuwa ƙasa, zai ga hatsari idan ya taso ko ba zai gani ba.

Mai naɗi ɗaya

Wannan shi ne ototaransfo. Waya ɗaya aka naɗa a kan ƙarfe, aka fitar da baki a tsakiya don shigar wuta, baki a ƙarshe don fitarta. Yawancin regilatar da ke kasuwa, da abin da masu naɗi na gida ke haɗawa don ɗaga wuta, wannan iri ne. Arahar tasa tana da dalili. Idan zai ɗaga 160 zuwa 220, ba dukan ƙarfin yake juyawa ba, ratar da ke tsakani kawai yake cikewa, wato kusan kashi 27 cikin 100. Jan ƙarfen da ake buƙata kaɗan ne, ba ya da nauyi sosai, kuma asarar wuta a cikinsa ba ta da yawa.

Sai dai shiga da fita a haɗe suke. Nutur, wato shuɗiyar wayar da wuta ke komowa ta cikinta, wanda ya fito daga cikinsa shi ne dai nutur ɗin NIGELEC da ya shiga. Wannan yana da kyau ta wani gefe: diferansiyel ɗin da ke gabansa, a gefen shiga, yana ci gaba da ganin duk wutar da ta zurare zuwa ƙasa a bayansa, a gefen fita, tsarin gidan bai canza ba. Abin da ake buƙata kawai shi ne a haɗa akwatinsa na ƙarfe da wayar ƙasa ta gidan, mai launin kore da rawaya. Kada a ɗaure nutur da wayar ƙasa a bayansa ko kusa. Tsarin da muka gada daga Faransa, wanda ake kira TT, shi ne kamfani ya binne nasa nutur a gindin taransfonsa, mai gida kuma ya kafa nasa turken ƙasa daban. Wanda ya haɗa su a cikin gida, ko dai diferansiyel ya yi ta faɗuwa ba dalili, ko kuma, idan babu shi, wutar komowa ta maƙwabta ta riƙa bi ta turkensa.

Hatsarinsa biyu ne, kuma duka biyun suna faruwa a gidajenmu. Na farko shi ne juya waya. Idan aka saka faz a gurbin nutur wajen shiga, komai zai yi aiki lafiya, ƙwai zai kama, firigo zai tashi, amma shuɗiyar wayar da kowa ya ɗauka ba ta da wuta ita ce ke ɗauke da volt 160 ko fiye. An kashe makunni, an kama waya da hannu, wuta na nan. Shi ya sa ban yarda a haɗa irin wannan taransfo da filogin da ake iya juyawa ba. A haɗa shi dindindin, a gwada faz da abin gwaji, a ba shi disjonktar mai yanke wayoyin biyu tare.

Na biyu ya fi ɓarna ga dukiya. Wanda aka naɗa a kan 160 zuwa 220 ba ya sanin cewa wuta ta gyaru. Can cikin dare, mutane sun kashe kaya, layi ya koma 220, shi kuma ya ci gaba da ninkawa yadda aka naɗa shi: abin da zai fito ya haura volt 300. Talabijin, caja, ƙwayayen wuta, katin kilim, duk a tafi ɗaya. Mai juya mataki da hannu ya dogara ne da mutum ya farka ya juya. Saboda haka idan matsalarka raunin wuta ce mai hawa da sauka, ka sayi regilatar mai daidaita kansa, ko aƙalla ka sa na'urar da ke yanke wuta idan volt ya wuce iyaka, a bayan taransfon.

Wani abu kuma da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya fitar da kuɗi: taransfo ba ya ƙirƙirar ƙarfi. Abin da ya ƙara a volt, ya ci shi a amper. Kayan kVA 5 suna jan kusan amper 23 a volt 220, amma a gefen shiga, inda wutar take 160, ana jan amper 31. Idan abin da aka ba ka a kontar amper 15 ne, a 160 ɗin abin da za ka samu bai wuce kVA 2,4 ba, ko da taransfon kVA 10 ka ajiye. Kuma duk amper ɗin da ka ƙara ja, wutar maƙwabcinka ce ke ƙara faɗuwa.

Mai naɗi biyu

Shi naɗin shiga daban, naɗin fita daban, babu waya tsakaninsu sai ƙarfin maganaɗisu. Ya fi nauyi, ya fi tsada, ya fi cin wuri. Amfaninsa shi ne yana raba ka da layin da ke gaba, yana ba ka sabon nutur naka na kanka, kuma yana iya karɓar faz uku marar nutur ya fitar da faz uku mai nutur.

Wannan rabuwar ce kuma ke yaudarar mutane. Gefen fita sabon tushen wuta ne, tamkar ka kafa ƙaramin kamfanin wuta a cikin gidanka. Diferansiyel ɗin da ke gaban taransfo bai san abin da ke faruwa a bayansa ba. Wuta ta zurare a jikin injin niƙa, ta bi ta jikin yaron shago, shi diferansiyel yana ganin abin da ya shiga naɗin farko daidai yake da abin da ya fito, ba zai motsa ba. Masu aiki da yawa suna haɗa wayoyi uku na shiga, uku na fita, su ɗaure akwatin da turke, su ce an gama. Ba a gama ba. Sai an yanke shawarar yadda za a yi da nutur ɗin fita, kuma hanyoyi uku ne.

Hanya ta farko: a bar shi a sake, ba a haɗa shi da komai ba. Ana kiran wannan IT, kuma tsari ne na gaskiya, shi ake yi a ɗakin tiyata don kada wuta ta yanke ana tsakiyar aiki. Amma a can akwai na'urar da ke sa ido a kan rufin wayoyi dare da rana, tana kuka da zarar an samu lahani na farko, akwai kuma ma'aikacin da zai nemo shi. A gareji ko garka babu ko ɗaya. Waya ta goge ta taɓa ƙarfe, babu abin da ya faɗi, babu wanda ya sani, a yi watanni haka. Ranar da wata faz ta taɓa wani injin daban, tsakanin jikin injinan biyu akwai volt 400. Yawancin taransfon da aka bari a sake ba zaɓa aka yi ba, mantuwa ce ko rashin sani.

Hanya ta biyu: TT, wato nutur ya samu turkensa, jikin kaya su samu nasu daban, wutar lahani ta koma ta cikin ƙasa. A nan ƙasar Adar ba ta taimakonmu. Tudu ne mai dutse da marmara, wani wurin rairayi, kuma watanni da yawa a shekara babu ɗigon ruwa. Lissafin turke mai sauƙi ne: a raba taurin ƙasar da tsawon turken. Ƙasa mai om-mita 500, turke mai mita 2, za a samu kusan om 250, ma'aunin yadda turken ke tare wa wuta hanya, kuma busasshen rairayi yana wuce haka nesa. Volt 230 a kan om 250 bai kai amper 1 ba. Babu disjonktar ko fizibil, wato fis, da zai ji wannan. Rayuwar mutum ta rataya ga diferansiyel kaɗai. Ƙa'idar ita ce om ɗin turke sau amper ɗin diferansiyel kada ya wuce volt 50: mai miliamper 500 yana son om 100 ko ƙasa, mai 300 yana son om 166, mai 30 yana jure har om 1666. Da turken om 250 da diferansiyel mai 500, wuta tana iya zurarewa amper 0,4, jikin inji ya ɗauki volt 100, shi kuwa bai faɗi ba.

Hanya ta uku: TN-S. A ɗaure nutur ɗin fita da sandar wayoyin ƙasa a wuri ɗaya tak, ko a bakin taransfon ko a tablo, akwatin rarraba wuta, na farko da ke bayansa, daga nan shuɗiya ta kama hanyarta, kore-da-rawaya ta kama tata, ba su sake haɗuwa ba. Yanzu idan faz ta taɓa jikin inji, wutar ba ta neman hanya cikin busasshiyar ƙasa, ta jan ƙarfe take komawa kai tsaye zuwa taransfo. Taransfon da aka rubuta wa kashi 4 cikin 100 a allonsa, adadin da ke nuna yadda naɗinsa ke tare wa wuta hanya, yana iya tura har ninki 25 na amper ɗinsa a bakinsa, disjonktar ya faɗi nan take. Ƙa'idar duniya ta IEC 60364 tana son a yanke cikin daƙiƙa 0,4 a ƙananan layukan volt 230. Turken ƙasa yana nan, dole ne, amma aikinsa ya koma daidaita tsarin da ƙasar da mutum ke takawa da kuma karɓar tsawa, ba shi ne ke kada disjonktar ba. A ƙasa irin tamu wannan ne zaɓina ga duk mai naɗi biyu, ba tare da jinkiri ba.

Yana da iyaka, kuma masu garka su ne suka fi cin karo da ita. Waya mai kaurin murabba'in milimita 4 da aka ja mita 300 zuwa foraj, wato rijiyar burtsatse, zuwa da komowa tana da kusan om 3,4. Lahani a can ƙarshe zai ja amper 68 ne kawai, alhali disjonktar C16, mai amper 16, yana son har amper 160 kafin a tabbata ya faɗi nan take. Haka ma idan tushen wutar gurup ne, wanda ba ya iya tura fiye da kusan ninki uku na amper ɗinsa, ko na'urar juya wutar rana, wadda ba ta ma kai haka ba. Don haka ko a TN-S a sa diferansiyel a bayan wurin ɗaurin: mai 300 a babban layi, mai 30 a kan filogai da duk abin da ake riƙewa da hannu ko ke kusa da ruwa.

Ɗaure ƙarafa

Turke mai kyau ba ya maye gurbin ɗaure ƙarafa wuri ɗaya. Abin da ke kashe mutum shi ne bambancin volt tsakanin abubuwa biyu da ya taɓa a lokaci guda. Akwatin taransfo, tablo, jikin injina, bututun ruwa na ƙarfe, ƙafafun tankin ruwa, firam ɗin allunan rana, ginshiƙan rumfar kwano, duka su zo sanda ɗaya, kuma turakun wurin duka a haɗe su, har da na tsawa. Kaurin kore-da-rawaya yana bin faz: har zuwa milimita 16 daidai da faz, daga 16 zuwa 35 a sa 16, sama da 35 a sa rabi. Babban ɗaurin bututu da ginshiƙai kada ya gaza milimita 6 na jan ƙarfe. A kankare fenti kafin a ɗaure, a sa kan waya na matsewa da kusa mai noti. Murɗa waya a jikin ƙarfe ba ɗauri ba ne.

Mai sabon gini yana da damar da ba ta dawowa: ya shimfiɗa jan ƙarfe tsirara mai milimita 25 a ƙasan ramin tushe, ya zagaye ginin, kafin a zuba kankare. Ya fi turaku da yawa. Wanda ya riga ya gina, ya kafa turaku biyu ko uku, da tazarar da ba ta gaza tsawon turken ba, a inda ƙasa ke riƙe laima. Gishiri da gawayi da aka saba zubawa suna sauke om a farko, amma gishiri yana cin ƙarfen, damina kuma tana wanke shi. A auna turke a watan Afrilu. Awon watan Agusta zai faranta rai ne kawai.

Disjonktar: gefe ɗaya ko gefe biyu

Lokacin da aka kunna taransfo, yakan ja wuta mai yawa na ɗan ƙiftawar ido, ninki 10 na amper ɗinsa ko fiye, ƙananan ma sun fi yi. Disjonktar mai harafin C yana faɗuwa nan take tsakanin ninki 5 da 10, mai harafin D tsakanin 10 da 20. Wanda ya sa C a gefen shiga zai ga yana faɗuwa wajen kunnawa, sai ya cire shi ya sa babba, ya sake sa wanda ya fi shi, har ya kai inda taransfon zai ƙone ƙurmus disjonktar bai ji ba. Maganin shi ne a canza harafi, ba lamba ba: D, ko fizibil mai jinkiri irin aM, wanda shi gajeren haɗuwa kawai yake karewa, dole a samu mai kare nauyi a bayansa.

Ƙa'idar Amurka ta ba da lambobin da ke da amfani ko a nan. Ga taransfon da ke jan amper 9 ko fiye, idan kariya a gefen shiga kaɗai take, kada ta wuce kashi 125 cikin 100 na amper ɗinsa. Idan akwai ta a gefe biyu, ta shiga tana iya kaiwa 250, ta fita kuma 125. Ɗauki taransfon kVA 20 mai faz uku, daga 230 zuwa 400. Shiga amper 50 ne, fita kusan 29. D63 a shiga, 32 a fita, kuma wayar shiga ce mai kauri, abin da ake yawan juyawa saboda an saba ganin babbar wuta da babbar waya.

Kariyar gefe ɗaya tana isa ga ƙaramin taransfo mai faz ɗaya, waya biyu shiga, biyu fita. Ga mai faz uku da ke fitar da nutur ba ta isa ba. Idan naɗin shiga an haɗa shi alwatika, marar nutur, na fita kuma tauraro, mai nutur a tsakiya, lahani tsakanin faz ɗaya da nutur yana bayyana a gefen shiga da kashi 58 cikin 100 kawai na girmansa, disjonktar shiga yana iya yin jinkiri naɗi ɗaya yana dahuwa. A sa na fita, kuma kusa, kada wayar da ke tsakaninsa da taransfo ta wuce mita 3.

Zafi ma yana cikin lissafi. Ana gina taransfo a kan iskar da ba ta wuce digiri 40 ba, ƙananan disjonktar kuma a kan digiri 30 ake daidaita su. Ɗakin kwano a rufe a watan Afrilu ya wuce duka biyun. Kada a cika wa taransfo kaya har wuya, a bar masa iska, a riƙa hure ƙurar hunturu daga cikinsa.

Na hannu da aka juya baya

Ana samun taransfo mai sauke wuta, 400 zuwa 230, na hannu da araha, a ce a juya shi ya zama mai ɗagawa. Yana yi, amma da sharuɗɗa. Naɗin ƙaramar wuta shi ne yawanci kusa da ƙarfen ciki, don haka jan farko ya fi tsanani. Gefen tauraro ya koma shiga, kuma tsakiyar tauraron nan ba a haɗa ta da nutur ko ƙasa. Gefen alwatika ya koma fita, ba shi da nutur, babu inda za a yi ɗaurin TN-S, babu volt 230 na ƙwai. An faɗa IT ba da niyya ba. Wanda aka yi don ɗagawa tun asali, alwatika a shiga, tauraro a fita, shi ya cancanci kuɗin. A duba allon kuma a ga hertz 50. Kayan Amurka na 60 ne, suna zafi a wutarmu, kuma taransfo ba ya canza hertz: gurup mai 60 zai juya motar 50 da ƙarin gudu kashi 20 cikin 100, ko an daidaita volt.

Ga gida ko shago mai fama da raunin wuta, regilatar mai naɗi ɗaya mai daidaita kansa ya wadatar, da faz a gurbinsa, da diferansiyel mai 30, da turken da aka auna. Ga gareji, injin niƙa, foraj, ko duk inda gurup ko wutar rana ke ciyar da injina masu faz uku, mai naɗi biyu, ɗauri ɗaya, kariya gefe biyu. Idan wajen mai naɗi na gida za ka sa a yi maka, kuma akwai gwanaye a cikinsu, ka ce ya rubuta maka kVA da amper na kowane gefe a jikin akwatin, ya gaya maka jan ƙarfe ne ko alminiyom, ya fitar da bakin nutur da kusar wayar ƙasa a fili.

Ranar karɓar aiki ka tsaya a kan mai aikin ya auna a gabanka. Tsakanin nutur ɗin fita da kore-da-rawaya, a mai naɗi biyu, volt ya zama kusan sifili, tsakanin kowace faz da kore-da-rawaya kuma kusan 230. Idan lambobin suna yawo, ba a yi ɗaurin ba. Ya gwada haɗin kore-da-rawaya daga tablo har jikin injin da ya fi nisa. Ya danna maɓallin gwajin kowane diferansiyel ka ga ya faɗi, sannan ya kunna taransfon ya kashe sau da yawa a jere, a ga ko disjonktar shiga zai tsaya.